Ido Yana Barci, Jiki Yana Gadi

Gabatarwa

Ina so in fara da tambaya ɗaya. Ya kai mai karatu, tun da kake, sau nawa aka ce maka "ina kwana?" ka amsa da wani abin da ba "lafiya lau" ba? Sau nawa aka ce "ina gajiya?" ka ce akwai ta? Na tabbata ko da zazzaɓi ka kwana, amsar ba ta sauyawa. Haka aka koya mana, haka kuma muke koya wa baƙi. Ban taɓa ganin aibin wannan al'ada ba, har yanzu ma ban ga ba. Sai dai na gano cewa wanda yake son ya san ainihin yadda mutum ya kwana, to sai ya nemi wata ƙofar, domin wannan a rufe take. A wajen goggona na koyi wannan darasi, kuma shi nake so in ba ku labarinsa.

Ni da Goggo

Ni ba Bahaushiya ba ce. Fulatanci na buɗe baki da shi, a unguwar Turaki ta cikin garin Jalingo, hedikwatar masarautar Muri, kuma babban birnin jihar Taraba tun da aka ƙirƙiro ta a 1991. Hausa kuwa a waje na tsince ta, a kasuwa da makarantar allo da wajen wasa, inda Bafulatani da Mumuye da Jukun suke haɗuwa a kanta. Waɗanda muka shigo aji ɗaya tare ba za su manta irin dariyar da aka sha yi mini ba idan na ce "mace ya zo". To, wannan ita ce Hausar da na zo da ita, kuma da ita na yi aikin da zan bayyana.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, a hannunta na tashi. Sana'arta kunun gyaɗa da ƙosai. Kafin a kira assalatu ta hura wuta, kafin rana ta fito yara sun yi layi a ƙofar gida da kwanuka. Da wannan sana'a ta saya mini littattafai har na gama sakandare. A shekarar 2017 jikinta ya fara sauyawa. Yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi cinyoyi da gadon baya, ciwon ba ya zama wuri ɗaya. Ta fara makara. Matar da take tashin unguwa sai ga shi hantsi yana yi mata a kan tabarma. Ciniki ya koma wani gida, tukunyar kunu ta koma bayan ɗaki.

An yi maganin maleriya, an yi na taifot, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. An ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙashi, kullum maganar ɗaya ce: ba a ga komai ba. Daga nan sai bakuna suka buɗe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne na masu baƙin cikin cinikinta. Waɗanda suka fi ƙona mata rai su ne na cikin gida, masu cewa raki ne da son jiki. Hujjarsu kuwa ita ce, ga ta nan da ƙibarta, ba rama ba kumburi, kuma kowa yana jin minsharinta da dare. Ita kuwa ba ta tanka wa kowa. Fulani suna da abin da suke kira "munyal", wato haƙuri, da "semteende", wato kunya. Macen da aka rena da waɗannan biyu ba ta zama ta lissafa wa mutane inda yake mata ciwo.

Sai a 2023, bayan shekara shida ana yawo, wani likitan gaɓoɓi a wani asibitin koyarwa ya saurare ta, ya duba tarin takardun gwajin da muka je da su, ya ce ciwon yana da suna: faibromayaljiya. Goggo ta ce in maimaita. Na maimaita har sau uku, ta yi murmushi ta ce, "Wannan ai sunan ma ciwo ne."

Mene Ne Wannan Ciwo?

Kalmar haɗaɗɗiya ce daga Latinanci da Girkanci, tana nufin ciwon tsoka da jijiyoyin da suke riƙe da ita. A 1976 aka raɗa ta, wato shekara 42 bayan fitowar ƙamusun Bargery na 1934, saboda haka kada wani ya wahalar da kansa nemanta a can kamar yadda na yi. Kafin nan da wani suna ake kiran ciwon, wanda likitan Ingila William Gowers ya fito da shi a 1904 bisa zaton kumburi ne a cikin nama. Daga baya aka ga babu kumburin. Abin da masana suka fi rinjaya a kai a yau shi ne, matsalar tana ga yadda ƙwaƙwalwa da laka suke karɓar saƙon ciwo, suna ƙara masa ƙarfi, kamar rediyon da aka murɗa har ƙarshe. Taɓawar da wani ba zai ji ba, sai mai wannan ciwo ya ji ta har cikin ransa. Shi ya sa gwajin jini da hoton ƙashi ba sa nuna shi. Ana ƙiyasta cewa yana samun kimanin mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma an fi gano shi ga mata.

A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar gane shi: ciwo a sassan jiki da yawa na aƙalla wata 3, da jin zafi a wurare 11 daga cikin 18 da likita zai danna. A 2010 suka sake ƙa'idar, suka ajiye danne-dannen, suka shigo da gajiya da mantuwa da kuma tashi daga barci ba tare da an huta ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya ja hankalina, domin shi ne kukan Goggo tun farko, a 'yan lokutan da take yin kukan.

Aikin Fassara

A zangon karatu na 2024 malaminmu na fassara ya ba mu aiki. Kowa ya nemo takardar da ake amfani da ita a rayuwa ta yau da kullum, ya fassara ta zuwa Hausa, sa'annan ya gwada ta a kan mutane ya ga ko sun fahimta. Wasu suka ɗauki takardar banki, wasu ta maganin ƙwari. Ni kuwa na ɗauki ma'aunin ingancin barci na Fitsbag, wanda Daniel Buysse da abokan aikinsa suka fitar a 1989 a jami'ar wannan gari na Amurka. Tambayoyi 19 ne da mutum yake amsawa game da barcinsa na wata ɗaya da ya wuce. Ana tara maki daga 0 zuwa 21, wanda ya haura 5 ana ɗaukarsa mai matsalar barci. An fassara shi zuwa harsuna da yawa, kuma a 2007 wasu likitoci sun buga sakamakon gwada shi a kan ɗaliban jami'a a nan Nijeriya.

Na yi mako biyu ina fassara, na ji daɗin kaina ƙwarai. Da aka yi hutu a watan Maris na tafi gida da takardata. Bayan la'asar na sami Goggo a inuwa, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Goggo, aikin makaranta ne, tambayoyi zan yi miki."

Ta ce, "To ɗiyata, yi."

Na ce, "Da ƙarfe nawa kike kwanciya?"

Ta ce, "Bayan isha'i."

"Minti nawa kike yi kafin barci ya ɗauke ki?"

Ta dube ni ta ce, "Wanda barci ya ɗauka, wa ya bar masa agogo?"

Muka ci gaba a haka. Da muka zo kan tambayar ko zafi yana hana ta barci, sai ta ce in je in nemo mata mutum ɗaya a Jalingo wanda zafin watan Maris bai hana barci ba, musamman in an ɗauke wuta. Tambayar gyangyaɗi a lokacin tuƙin mota kuwa dariya kawai ta ba ta. Da na zo babbar tambaya, wadda take neman mutum ya faɗi yadda barcinsa yake gaba ɗaya, na ce, "Yaya barcinki a wannan wata?" Amsar ba ta ɓata lokaci ba: "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Na koma ɗaki na tara maki, ya ba ni 4. Ke nan, a bisa takardata, Goggo tana cikin masu barci mai kyau. Nahawun fassarata bai da kuskure, amma ta haifar da ƙarya. Abin da na yi shi ne na mayar da tambayar likita ta zama gaisuwa, ita kuwa ta amsa mini gaisuwa. Ko da Fulatanci na ce mata "A waali jam?" amsar "jam" ce, babu wata.

Daren da Na Kwana a Ɗakinta

Na yanke shawarar in gani da idona. Na shimfiɗa tabarma a ɗakinta, na ajiye waya da biro a gefe. Ta kwanta wajen ƙarfe tara da rabi. Ta yi ta juyi, ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta cire, ta koma ɗaya gefen. Wajen sha ɗaya numfashinta ya sauya. Ta farka sau biyu, sa'annan na ji minshari. Da lissafina, kafin kiran sallar asuba ta sami abin da ya kai awa shida.

Da safe na same ta zaune a bakin gado, ta dafa gwiwa, ta kasa miƙewa. Nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Cikin murna irin ta mai bincike na ce, "Goggo, ai kin yi barci! Awa shida cur, har da minshari. Na rubuta."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ke ma?"

Kalma biyu ce, amma na fahimci abin da take nufi. Na shiga sahun masu cewa raki ne, ni da ta rena, har ma na fi su, domin ni da takarda na zo. Na sunkuyar da kai na ce ta yafe mini. Sai ta ce, "Zo ki zauna, ki rubuta wannan. Na kwanta, gaskiya ne. Na kwana, tunda ga shi gari ya waye da ni. Idona ya yi barci, ban musa ba. Amma jikina gadi ya kwana yi. Ko motsin ƙadangare aka yi a kan kwano ina ji. Na tashi kamar wadda ta kwana tana surfe." Tun da ciwon ya fara, ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan a kansa ba.

Bayan na koma makaranta na ci karo da binciken da ya sa na ajiye littafi na yi shiru. A 1975 wani likita a Toronto ta ƙasar Kanada, Harvey Moldofsky, tare da abokan aikinsa, ya auna motsin ƙwaƙwalwar mutum 10 masu wannan ciwo suna barci. A yawancinsu ya ga irin motsin da ƙwaƙwalwa take yi lokacin da mutum yake farke yana kutsawa cikin barci mai nauyi, wanda a cikinsa ne jiki yake hutawa. Bugu da ƙari, ya ɗauki mutum 6 masu lafiya, ya riƙa katse musu barci mai nauyin da ƙara har dare uku. Sai suka fara kukan ciwon jiki da gajiya, da aka bar su suka yi barcinsu kuma abin ya wuce. An gano daga baya cewa ba duk mai ciwon ne yake nuna wannan alama ba, kuma ana ganinta ga wasu da ba su da shi. Duk da haka alaƙar ta tabbata: ciwo yana ɓata barci, ɓataccen barci yana ƙara ciwo. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya bi mata fiye da 12,000 a ƙasar Nowe na kimanin shekara goma, ya nuna cewa masu yawan matsalar barci sun fi sauran kamuwa da ciwon daga baya.

Abin da na'ura ta nuna a Toronto shi ne Goggo ta faɗa mini a bakin gadonta a Turaki. Ido yana barci, jiki yana gadi. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kalmomin da Suka Buɗe Ƙofa

Da hutu ya sake zagayowa na koma da sabon shiri. Goggo ta haɗa ni da wasu mata biyar masu irin kukanta, wasu a Turaki, wasu a Mayo Gwoi. Biyu daga cikinsu ne kawai likita ya ambata wa sunan ciwon. Sauran ukun ban ce suna da shi ba, domin ni ɗalibar harshe ce, ba likita ba, kuma akwai cututtuka da yawa masu kawo ciwon jiki da gajiya. Shawarar da na ba su ita ce su je a duba su. Abin da nake nema a wajensu kalmomi ne, kuma na samu.

Abu na farko, na bar gaisuwa ta ƙare sarai kafin in fara tambaya. Sai an yi ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya jiki, an ce da sauƙi, an kawo ruwa an sha, sa'annan hira take farawa. Na biyu, na ajiye agogo. Na riƙa tambaya da isha'i, da tsakar dare, da carar zakara, da assalatu, da hantsi. Na kuma shigo da komawa barci bayan asuba da ƙailula, domin barcinmu ba a dunƙule yake wuri ɗaya ba. Na uku, na daina cewa "yaya barci?" Na koma cewa, "Inna, ba ni labarin daren jiya, tun daga lokacin da kika kwanta."

Nan na ga arzikin Hausa. Harshen ya raba kwanciya da kwana da barci, kowanne da ma'anarsa, har mutum yana iya cewa na kwana ban runtsa ba. Akwai gyangyaɗi, akwai barci sama-sama, akwai barci mai nauyi, akwai kwanan zaune, akwai ido biyu. Wata ta ce barci ya ƙaurace mata. Wata ta ce, "An ce dare mahutar bawa, ni kuwa in na ga magariba gabana faɗuwa yake yi." Game da safiya kuwa, kusan dukkansu kalma ɗaya suka yi amfani da ita, wato tsami. Jiki ya yi tsami kamar an yi musu duka.

Kalmar da ta fi kowacce amfani wata tsohuwa ce ta ba ni ita. Ta ce, "Ina barci, amma rabona da in tashi in wartsake har na manta." Wartsakewa! Ga abin da likitocin Amurka suka shigar cikin ƙa'idarsu a 2010, ga shi a kalma ɗaya tak ta Hausa. Daga ranar tambayata ta zama, "Idan kin tashi, kina wartsakewa?" Babu wadda ta amsa wannan da lafiya lau, domin ba gaisuwa ba ce. Da na sake yi wa Goggo tambayoyin Fitsbag ta wannan hanya, makinta ya tashi daga 4 zuwa 13. Mace ɗaya ce, ciwo ɗaya ne, tambayar ce kawai ta sauya.

Saura batun suna. "Ciwon jiki" ya yi sauƙi da yawa, ko wanda ya dawo daga gona yana da shi. "Sanyin ƙashi" da "amosanin gaɓɓai" suna kai hankali ga ƙashi da gaɓa, alhali ba nan matsalar take ba. A cikin aikina na ba da shawarar "tsamin jiki mai naci". Ban ce ta zauna ba, na ajiye ta ne a gabanku da gaban malamanmu, wanda ya ga wadda ta fi ta kawo.

Kammalawa

Na rubuta labarin daren Goggo a shafi ɗaya, da kalmominta, muka tafi da shi ganin likita. Ya karanta, ya yi mata tambayoyin da bai taɓa yi ba, ya gyara mata lokacin shan magani, ya kuma ƙarfafa mata tafiyar ƙafa kaɗan kaɗan kullum, domin motsa jiki shi ne abin da aka fi samun hujjar amfaninsa a wannan ciwo. Ba zan ce ta warke ba, ciwon ba a san maganin da yake raba mutum da shi gaba ɗaya ba, lallaɓa shi ake yi. Akwai ranakun sauƙi, akwai na wuya. Amma tukunyar kunu ta fito daga bayan ɗaki, tana damawa sau biyu ko uku a mako, da hantsi maimakon asuba.

Shafin nan kuma na karanta wa mahaifina shi. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba. Washegari na ji shi yana hana yara buga ƙofar Goggo da sassafe, yana cewa a bar ta, ba ta da lafiya. Shekara bakwai tana jiran wani a gidan ya faɗi wannan magana.

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa ana yi mana gorin cewa me mai digirin Hausa zai yi. Ni dai na ga aikin da yake jiranmu a asibitoci da cikin gidaje, inda majinyaci yake da kalma, likita yake da ilimi, amma babu mai haɗa su. Fassarar da ta tsaya a ƙamus ba ta isa ba, sai an san inda gaisuwa take ƙarewa da inda magana take farawa. Har yau idan na kira Goggo a waya nakan ce ina kwana, ta ce lafiya lau, domin haka ladabi ya ce. Sai mun gama sa'annan in ce, "Goggo, yau an wartsake?" Wani lokaci ta ce da dama, wani lokaci ta ce yau kam an yi gadi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ba mu kunnen saurarensu, amin.